Kaset a Kicin ɗin Inna

Shafi na 19

Da sunan Allah nake farawa.

Masu bi na har gida da tambayar ina Mahbuba ta maƙale, ku sassauta min, ga ta nan ta iso. Ku kuma da kuka shigo mana yau, ku matso kusa. Shekara biyu ke nan da soja suka koma bariki, muna Fagge, gidan Baba Ari, tsohon ɗan kasuwar Singa da ciwon suga ya tafi da ganinsa. Akwai matarsa Inna Huseina, da autansu Abdulrauf mai haɗa sauti a finafinan Hausa, sai babbar 'yarsu Mahbuba da ke aure a Maiduguri, wadda ta taso ba ta gaya wa kowa ba. Baiwar Allahn da ta rubuto min cewa Abdulrauf ya cika rawar kai, yau za ki ga inda rawar kan ta kai gidansu.

*

Tun daga zaure Mahbuba ta ji dakan.

Tim, tim, tim. Sai a ɗan tsaya, a karkaɗe taɓarya a bakin turmi, a sake ɗorawa. Ko cikin mata ɗari aka sa Inna daka, 'yarta za ta ware hannunta. Duk gajiyar motar da ta kwana da su a hanya sai ta ji ta sauka.

Ta ajiye jaka, ta leƙa ɗakin Baba da sallama. Yana zaune kan buzunsa, carbi a hannu, ya juya fuska wajen tagar da ke kallon kicin.

"Wa nake ji kamar Mahbuba?"

"Ni ce Baba. Ina kwana?"

"Ikon Allah. Babu ko sallahu?"

"Zuwan bazata na ce in yi muku."

Baba bai yi dariya ba. Ya tambayi mijinta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya tambayi hanya, ya sake dawowa kan yaran. Ita kuwa kunnenta na kicin.

"Baba bari in je in ga Inna."

"Zauna tukuna."

"Shekara guda fa rabona da ita."

"Na ce ki zauna ki huta. Aiki take, ba ta son a katse mata daka. Bari Abdulrauf ya shigo."

Ta yi 'yar dariya.

"Me ya haɗa Abdulrauf da gaisuwata da Inna? Yanzu zan dawo."

"Mahbuba."

Ta riga ta fice.

Ni dai da ni ce, yadda tsohon nan ya nanata zaman, da na zauna. Amma Mahbuba ce fa, malamar Islamiyya, wadda ta saba ita ke faɗa yara su bi.

Abin da ya fara ɗaure mata kai ƙofar kicin ce. A rufe take, kuma ta waje aka ɗaure ta da waya. Wa ke ɗaure ƙofa da mutum a ciki? Ta warware tana cewa,

"Inna, wane ɗan albarkan ne ya kulle ki? Ga baƙuwa kin yi."

Ta tura.

Babu kowa.

Murhu a sanyaye, tokarsa ta kwanta luf, har da sawun kyanwa a kai. Tukwane a kife a kan kanta. Taɓarya na jingine a kusurwa, gizo-gizo ya fara yi mata ɗinki. Turmin kuwa an kife shi a tsakiyar kicin, an ɗora masa wata ƙatuwar rediyo mai cin kaset, an jona ta da batirin mota, an juya bakinta wajen tagar Baba.

Tim, tim, tim.

Daga cikin rediyon dakan ke fita.

Mahbuba ta tsaya kamar an dasa ta. Dakan ya tsaya, aka ja tukunya, aka tsiyaya ruwa. Sai ga tarin Inna, ɗan busasshen tarin nan nata mai zuwa bibbiyu. Sai muryarta can ƙasa-ƙasa ta ce, "Bismillahi."

Mahbuba ta sulale ta zauna a ƙasa dirshan, bakinta na motsi da innalillahi amma sauti ya ƙi fita. Abu ɗaya ne ya zo mata. Inna ta mutu, an ɓoye wa makaho, an ɓoye wa ta nesa.

Ba ta ji tsayuwar babur a waje ba. Ba ta ji Abdulrauf ya yi wa Baba sannu a gurguje ba. Shi dai yana ganin jaka a tsakar gida da ƙofar kicin a buɗe, ya san asiri ya tonu. Ya faɗo ciki da kaset biyu a aljihun gaban riga, ya mai da ƙofar.

"Yaya."

Ta ɗago. Ta cafki wuyan rigarsa ta jawo shi ƙasa.

"Yaushe ta rasu?"

"Wa?"

"Kada ka raina min hankali. Yaushe kuka binne uwata?"

"Wallahi tana raye. Yaya wallahi lafiyarta ƙalau, da safen nan na kai ta da kaina."

"Ka kai ta ina?"

Ya kalli taga, ya kalli rediyo.

"Ki rage murya don Allah."

Ta miƙa hannu za ta kashe abin, ya riƙe ta da sauri.

"Kada ki taɓa. Yana tsayawa Baba zai ƙwala mata kira."

"Sake ni."

"Na sake ki. Amma ki bar shi yana yi, a ƙarƙashin ƙararsa za mu yi magana."

Suka yi cirko-cirko a durƙushe, rediyo na wanke-wanke a tsakaninsu. Cokali na dukan kwano, ruwa na zuba.

"Mene ne wannan, Abdulrauf?"

"Aikina ne."

"Aikinka fim ne."

"To ai shi ne. Yaya, kyamarar da muke ɗaukar fim ba ta kama komai sai maganar 'yan wasa da ƙugin janareta. Duk sauran ƙarar da kike ji, a situdiyo muke ɗora ta daga baya. Yawanci kuma daga kicin take fitowa. Ruwan sama a fim, man gyaɗa ne a kasko Inna na suyar ƙosai. Gobara, ledar biredi ce nake murzawa. In aka karya wa mugu hannu, rake ne. Har masu yin wasannin gem na Turawa haka suke yi, Celestine ya nuna min a shagonsa na kayan lantarki. Bara na rataye makirufo a azarar nan na ɗauki kicin ɗin Inna kwana da kwanaki, saboda wani fim da muka yi a titin Ibrahim Taiwo. Dakanta ma ya fito a finafinai sun kai..."

"Ban tambaye ka tarihin rake ba."

Ya haɗiye sauran. Kun ga rawar kan da ake faɗa ko? Gida na ci da wuta, shi yana nema ya yi alfahari da sana'a.

"Ina uwata?"

Ya kau da kai.

"Abdulrauf, ni na goye ka. Ina uwata?"

"Tana Sabon Gari."

Hannunta ya saki rigarsa da kansa.

"Ina?"

"Gidan Mama Obi."

Bari in tuna wa masu mantuwa. Mama Obi ita ce Obiageli, 'yar ƙabilar Ibo, ƙawar Inna tun suna amare, lokacin da Inna ke kai turaren wuta Singa ita kuma tana da tebur ɗin kayan masarufi. Celestine ɗanta ne, mai shagon kayan lantarki. Bara, a kwanakin da rikicin Kaduna ya sa Kano ta yi tsit kowa na tsoron kowa, Inna ta je duba Mama Obi. Aka yi jita-jitar faɗa ya ɓarke, aka tare hanya, ba ta dawo ba sai bayan magariba. Baba Ari ya yini a zaure shi kaɗai, ba ido, ba mai gaya masa ko tana raye. Tana shigowa, a gaban 'ya'yansa biyu, ya ce, "Huseina, duk ranar da kika sake taka Sabon Gari, a bakin aurenki." Tsoro ne ya faɗi maganar, ba ƙiyayya ba. Sai dai igiya ɗaya ce ta rage musu, biyun sun tafi tun zamanin ƙuruciya da zafin kai.

Mahbuba na wurin ranar. Ba ta manta ko harafi ba.

"Yau ta fara zuwa?"

Ya girgiza kai.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan ƙaramar Sallah."

"Kullum?"

"Ban da Juma'a."

Ta dafe kai da hannu biyu.

"Na shiga uku. Abdulrauf ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Ki tsaya ki ji. Mama Obi ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta tashi, ba ta juyawa, magana ma sai kin kasa kunne. 'Ya'yanta mata duk sun koma kudu tun rikicin nan, ita ta ce ba inda za ta, a Kano ta binne mijinta. Saura Celestine. Namiji ne Yaya, ya zai wanke uwarsa? Matan cocinsu na zuwa ranar Lahadi, sauran kwanakin fa? Ranar da ya zo ƙofar gidan nan ya kira ni waje, ƙato da shi yana kuka, ya ce sunan Inna kawai take kira."

"Sai ku gaya wa Baba."

"Inna ta gwada. Ta ce masa, Malam, an ce Obiageli ba lafiya. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya juya wa bango fuska. Ba ta ƙara ba."

"Shi ne kai kuma ka kawo mata dabara."

"Ba ni na ce ta je ba. Ta ɗauki mayafi za ta fita, da kaset ko ba kaset. Ni dai na ce in za ta je, kada hankalin Baba ya tashi, ga hawan jini. Na koma situdiyo na yanyanka abin da na ɗauka bara, na jera shi yadda take yin aikinta. Akwai na ranar tuwo, akwai na ɗanwake, akwai na shinkafa. Celestine ya ba ni rediyon nan mai juya kaset da kanta, da batiri saboda in an ɗauke wuta. Da hantsi in kai ta a babur, in dawo in canza kaset, da azahar in ɗauko ta. A can take dafa abincin Baba ta zubo a kula."

"Abincin Baba. A Sabon Gari."

"Da tukunyarta take zuwa."

"Tukunya nake maka magana?"

Muryarta ta fara hawa. Ya miƙa hannu ya ɗan ƙara wa rediyon ƙarfi.

"Yaya don girman Allah."

"Kai yaro ne, ka ɗauki komai fim. Ita Inna fa? Da girmanta, da furfurarta, ta ɗauki auren shekara arba'in ta kai shi Sabon Gari ta ajiye saboda ƙawar kasuwa? Ba asibiti? Ba mai aikin da za a ɗauka? Me matar nan ta taɓa yi mana da za a rushe gida a kanta?"

Abdulrauf ya kalle ta. Duk rawar kan nan ta tafi.

"Inna ta ce kada in gaya miki."

"Gaya min me?"

"Ta ce in kin ji za ki ji nauyi, ke da ɗalibanki."

"Ka faɗa ko in fita in tambayi Baba."

"Da aka haife ki Inna ta kwanta. Zazzaɓin jego ya kusa tafiya da ita, nono ya ƙafe. Kika ƙi madarar gwangwani, kika ƙi ta akuya, har an fara cire rai da ke. Lokacin Mama Obi na goyon Celestine."

Mahbuba ta zuba masa ido.

"Kullum sai ta rufe tebur ɗinta a Singa, ta tako har Fagge, ta shiga ɗakin can ta ba ki. Har Inna ta miƙe. Dangin Baba ba su sani ba, na Inna ma ba su sani ba. Su uku suka rufe, ita da Inna da Baba."

"Ƙarya kake."

"Ki tambayi Inna."

"Ni?"

"Ke."

"Na sha nonon Mama Obi?"

"Celestine ɗan'uwanki ne na shayarwa. Ba ki taɓa lura Inna ba ta ce miki ki sa mayafi in ya shigo ba?"

Ta lura. Ta sha yi wa Inna wa'azi a kai ma, Inna ta yi murmushi kawai ta ce Allah ya ƙara ilimi. Yanzu wa'azin ya dawo mata. Ta tuna Mama Obi na cusa mata biskit a jakar makaranta. Ta tuna ranar kai ta Maiduguri, matar ta fi Inna kuka har mutane na mamaki. Kunya ta kama ta, tausayi ya kama ta, hawaye suka zubo.

Da a nan ta tsaya, da yau ban da abin rubutawa.

Amma Mahbuba ba ta iya ganin hukunci ta ɗauke kai. Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe tsaye.

"Allah ya saka mata, Allah ya ba ta lafiya. Amma wannan bai goge maganar Baba ba."

"Cikin fushi ya faɗa."

"Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Yaya zauna, kaset ɗin ya kusa kai ƙarshe, in zai juya yana..."

"Kada ka ƙara ce min kaset."

Abin da yake son gaya mata shi ne, rediyon in ta cinye fuska ɗaya takan yi shiru na ɗan lokaci kafin ta juya ɗaya fuskar. Kullum wannan shirun ne fargabarsa. Ya miƙa hannu zai rufe mata baki, ta buge hannun.

Ƙas. Wanke-wanke ya tsaya.

Cikin shirun nan muryar Mahbuba ta fita tar, ta bi ta taga.

"Inna na zuwa Sabon Gari kullum tun bayan Sallah, kai kana kunna wa makaho kaset, su kuma suna zaune gida ɗaya ba a san ko da aure ko babu ba."

Sai da ta rufe baki ta ji yadda gidan ya yi tsit.

Abdulrauf ya ɗora hannu biyu a ka.

Ƙas. Kaset ya juya. Mai ya fara ƙara a kasko, aka watsa albasa, cuuu.

Ta ƙarƙashin suyar suka ji wani sautin da ba ya cikin kaset. Sanda ce ke taɓa siminti. A hankali, a hankali, tana matsowa.

Ƙofar ta buɗe. Baba Ari na tsaye, hannu ɗaya a sanda, ɗaya a jikin bango. Tun da idonsa ya tafi bai taɓa takowa kicin ba.

Su biyun suka zube.

"Baba," in ji Abdulrauf, "laifina ne, ni na..."

"Yi min shiru."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗan karkata kai yana sauraron suyar, kamar mai jin labarai.

"Yau shinkafa ce ke nan."

Ya ɗaga yatsa wajen rediyon.

"Bayan albasar nan za ta yi tari. Sannan murfi zai faɗi, ta ce kai. Sannan zakara ya yi cara."

Suka kasa kunne. Inna ta yi tari a rediyo. Murfi ya faɗi ya yi ta juyi a ƙasa, muryarta ta ce, "Kai." Can nesa zakara ya yi cara.



"Zakaran gidan Malam Bukar ne," in ji Baba. "Da Sallah aka yanka shi, har an aiko min da cinya. Amma duk ranar shinkafa sai ya tashi ya yi min cara."

Abdulrauf ya sunkuyar da kai har goshinsa na neman ƙasa.

"Kai da kake ji da kanka gwanin sauti ne, wa ya ce maka da kunne kaɗai ake jin girki? Ido na rasa, ban rasa hanci ba. Kullum albasa na soyuwa a gidan nan, ba ƙamshi. Ana hura wuta, ba hayaƙi. Tuwon da ake kawo min, a risho aka tuƙa shi, ina jin kalanzir can ƙarƙashinsa. Shekara arba'in ina cin tuwon itace a hannun Huseina."

"Baba," Mahbuba ta ce da ƙyar, "ka sani?"

"Ban sani ba."

"Amma yanzu ka ce..."

"Zato nake. Zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na ce wa raina wataƙila maƙwabta take shiga. Wataƙila asibiti take zuwa ba ta son in damu. Wataƙila Singa ta koma da turarenta. Kullum sai in ƙirƙiro mata wuri in ajiye ta. Ba wanda ya faɗa min, ni ma ban tambayi kowa ba."

Ya gyara riƙon sandar.

"Kuna tsammani ban san me Obiageli ta yi mana ba? Ni na je na roƙe ta da bakina, ke Mahbuba kina tsumma kina shirin mutuwa. Ranar da Huseina ta ce min ba ta da lafiya, na juya wa bango fuska ne don kada ta ga abin da ke idona. In ce je ki, ga maganar da na riga na furta. In ce kada ki je, da wane baki? Sai washegari na ji daka ya tashi, irin dakan da ba ya girgiza ƙasa. Na ce alhamdulillahi, yaron nan ya samo mana inuwa, bari mu fake a ciki har Allah ya kawo mafita."

Ya juyo da fuskarsa daidai inda Mahbuba take, kamar yana ganinta.

"Na ce ki zauna. Sau nawa na ce ki zauna?"

Ta fashe da kuka, ta kama ƙafarsa.

"Baba ka yafe ni. Ban san za ka ji ba. Ka ɗauka ban faɗa ba."

"Kin faɗa. Ke malama ce, ba kya ƙarya, kunnena kuma ya ji. Gaya min, a karatunku akwai inda aka ce mutum ya ji ya yi kamar bai ji ba?"

Duk ilimin da take taƙama da shi, ta lalubo ko layi ɗaya da zai cece su ta rasa.

Abdulrauf ya matso da gwiwoyinsa.

"Baba mu je wurin malamai. Cikin tsoro ka faɗa, ba ka cikin hayyacinka. Ai ana duba niyya. Ko lokacin rikicin kawai kake nufi, yanzu kuma gari ya lafa. Wallahi za a samu hanya."

"Wataƙila a samu, wataƙila a rasa. Amma duk malamin da na je wa, abin da zai fara tambayata shi ne, ta je ko ba ta je ba. Ba zan ce masa 'yata ta ce ba. Dole in ji daga bakin mai ita."

"To kada ka tambaye ta yau."

"Gobe fa? Jibi fa? In zauna ina cin tuwonta ina sane?"

"Baba..."

"Kai ba ka san uwarka ba. Huseina na iya yin shiru shekara goma, amma ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Ko sau ɗaya ba ta ce min tana kicin ba. Ni ne nake cewa sannu da aiki, ta ce yawwa Malam. Aikin kuwa ta yi shi. Shi ya sa na kama bakina, don na san ranar da na tambaya, ranar za ta faɗa."

Kasko na ta ƙara a rediyo. Ba wanda ya yi ƙarfin halin kashewa.

Sai ƙyauren zaure ya yi ƙara.

"Salamu alaikum."

Muryar Inna. Ba daga rediyo ba.

Abdulrauf ya zabura. Azahar ba ta yi ba, kuma shi ke ɗauko ta kullum. Bai taɓa ganin ta dawo da ƙafarta ba.

Ta shigo tsakar gida a hankali. Babu kula a hannunta, babu tukunya. Takalmanta sun yi buɗu-buɗu, gefen mayafinta a jiƙe, idanunta sun kaɗa sun yi jajir kamar wadda ta fito daga gidan rasuwa. Ta ga jaka. Ta ga ƙofar kicin a wangale, 'yarta ta Maiduguri a ƙasa riƙe da ƙafar uba, ɗanta a durƙushe. Ta ga mijinta tsaye a inda bai taɓa zuwa ba. Daga bayansu kuma ga ta can a rediyo tana juya miya.

Ta tsaya cak.

Mahbuba ta girgiza mata kai, hawaye na zuba, tana roƙonta da ido. Abdulrauf ya haɗa tafukansa biyu yana mata alamar ta yi shiru. Inna ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta mai da ido kan mijinta, ba ta ƙara kallon kowa ba.

"Malam," ta ce.

Baba Ari ya juyo wajen muryarta. Sandar ta kuɓuce masa ta faɗi, bai neme ta ba. Ya dafa bango da hannu biyu.

"Huseina."

"Na'am."

"Daga ina kike?"